Hasumiyar Kanar Nixon: Dutsen Da Ya Faɗi Rabin Labari

Daga Wakilinmu

A can ƙasar Niyu Zilan, wadda ke cikin Tekun Fasifik kudu maso gabas da Ostireliya, akwai wata unguwa ana ce da ita Otahuhu, kimanin mil 8 daga tsakiyar Oklan, birnin da ya fi kowane girma a ƙasar. A cikin wannan unguwa, daidai mararrabar da hanyar Mangere ta haɗu da wata tsohuwar hanya da ake kira Babbar Hanyar Kudu, akwai wata doguwar hasumiya ta dutse, mai faɗin gindi mai tsinin kai, wadda aka kafa tun cikin shekarar 1868. Motoci na ta kai da kawowa a gefenta dare da rana, galibin masu wucewa kuwa ba su ko ɗaga kai su dube ta.

An gina hasumiyar ne domin tunawa da wani Bature, Kanar Marmaduke George Nixon, manomi, ɗan majalisa, kuma shugaban sojan doki na Turawan da suka yi kaka-gida a ƙasar. Kada mai karatu ya ɗauka ko Nixon ɗin nan ne da ya yi shugabancin Amurka. Wannan ya mutu shekara 49 kafin a haifi wancan. Ban da sunansa, an sassaƙa sunayen wasu kofur-kofur 3 na rundunarsa waɗanda suka rasa rayukansu a faɗan da aka yi a wani ƙauye mai suna Rangiaowhia ran 21 ga watan Fabrairu, 1864. Sunaye 4 ke nan. Amma mutanen ƙauyen da aka kashe a wannan rana, waɗanda suka ninka haka yawa, babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikin dutsen.

Wannan giɓi shi ne ya jawo ka-ce-na-ce a ƙasar cikin shekarar 2017, har wasu suka nemi a kawar da hasumiyar daga bakin hanya. Domin a fahimci gardamar, tilas mu koma baya mu ga wane ne Nixon, me ya kawo shi, kuma me ya auku a Rangiaowhia.

BAƘON DA YA ƘI ZAMA RAƁA

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, da hantsi ya yi sai ya ɓace. Mu nan Nijeriya Turawan mulkin da muka sani kusan haka suke: Razdan da Di'o aiki ya kawo su, in wa'adinsu ya cika sai su ɗaure kaya su koma gida. To, akwai wani irin mulkin mallaka dabam, irin wanda aka yi a Kenya da Rodeshiya, watau Zimbabuwe ta yau, inda Bature ke zuwa da matarsa da 'ya'yansa da garmarsa, ba shi kuwa da niyyar komawa. Su ne 'yan kama-wuri-zauna. Abin da suke nema ƙasar noma ce da ta kiwo, ita kuwa ƙasa ko'ina tana da masu ita.

Masu ƙasar Niyu Zilan su ne al'ummar Maori, waɗanda kakanninsu suka iso tsibiran cikin manyan kwalekwale wajen shekara 700 da suka wuce. Bisa ga tarihin da suka gada, ɗaya daga cikin jiragen nan, mai suna Tainui, an ja shi ne a kan tudu ta wannan siririn wuyan ƙasa na Otahuhu, daga ruwan gabas zuwa na yamma. Zuriyar mutanen wannan jirgi su ne ƙabilun Waikato, waɗanda labarinmu ya shafa.

Ran 6 ga watan Fabrairu, 1840, wakilin Sarauniya Biktoriya ta Ingila ya ƙulla yarjejeniya da shugabannin Maori a wani wuri da ake kira Waitangi, daga baya aka zaga da takardar har shugabanni fiye da 500 suka sa hannu. Sai dai an yi ta ne cikin harshe biyu, kuma ba su yi daidai da juna ba. Ta Ingilishi ta ce an miƙa wa Sarauniya mulkin ƙasar ɗungurungum. Ta harshen Maori kuwa, wadda ita ce kusan dukkansu suka sa wa hannu, ta ba Sarauniya ikon naɗa gwamna, amma ta tabbatar wa shugabannin cikakkiyar sarautarsu a kan ƙasarsu da ƙauyukansu da dukiyarsu.

A lokacin da aka yi wannan yarjejeniya Turawan da ke zaune a ƙasar ba su wuce 'yan dubbai ba. Kafin a cika shekara 20 labari ya sha bamban. Ƙidayar 1858 ta nuna Turawa sun kai wajen 59,000, Maori kuwa wajen 56,000. Jiragen ruwa na ta sauke sababbin baƙi, kowa da alkawarin gona a zuciyarsa. Cikin irin waɗannan baƙi ne Nixon ya zo.

DAGA INDIYA ZUWA MANGERE

An haifi Marmaduke Nixon a tsibirin Malta wajen shekarar 1814, ubansa hafsan soja ne. Ya yi makarantar horon hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, aka ba shi muƙami cikin Runduna ta 39 a shekarar 1831, sa'an nan aka tura shi Indiya. A can ya yi yaƙin Coorg na 1834, da kuma babbar gwabzawar Maharajpur ta 1843, ya kai har muƙamin Manjo. Watau tun kafin ya taka ƙasar Niyu Zilan ya riga ya saba da yaƙin faɗaɗa daular Ingila.

Cikin 1851 ya ajiye aikin soja saboda ƙuncin hannu, a shekarar da ta biyo kuma ya sauka Oklan. Ya kama gona a Mangere, a bakin ruwan Manukau, ba nisa da Otahuhu. Maƙwabtansa a wannan wuri Maori ne. Hasali ma babban shugaban Waikato, Potatau Te Wherowhero, yana zaune a Mangere a wannan zamani, domin a 1849 ya yi alkawari da Gwamna George Grey cewa shi da mutanensa za su tsare garin Oklan daga duk wani hari. Ka ji yadda zaman ya faro: masu ƙasa ne ke gadin baƙi.

Nixon bai daɗe ba ya zama ɗaya daga cikin masu faɗa a ji a tsakanin manoman Turawa, yana kuma cikin masu matsa wa gwamnati ta buɗe musu hanyar samun filayen da ke hannun Maori. Da yaƙi ya ɓarke a lardin Taranaki cikin 1860 a kan rikicin sayen wani fili a Waitara, sai aka ba shi muƙamin Laftanar-Kanar, ya tara sojan doki na sa-kai daga Otahuhu da ƙauyukan kewaye. A 1861 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar mazaɓar Franklin, a 1863 kuma aka ɗora shi a kan rundunar doki ta gwamnatin ƙasar. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun shaide shi da jaruntaka da kula da yaransa. Wannan ma yana cikin gaskiyar labari, bai kamata a ɓoye shi ba.

SARKIN MAORI DA HANYAR YAƘI

Su kuwa Maori, da suka ga ƙasa na zubewa daga hannunsu kamar ruwa a kwando, sai ƙabilu da yawa suka yi shawarar su haɗa kai a ƙarƙashin sarki ɗaya, kamar yadda Turawa ke da Sarauniya ɗaya, su daina sayar da ƙasa, su kuma tsara shari'arsu. A 1858 suka naɗa Potatau, tsohon maƙwabcin Nixon, ya zama sarkinsu na farko. Da ya rasu a 1860 ɗansa Tawhiao ya gaje shi. A wajen masu wannan shiri, Sarki da Sarauniya za su iya zama kafaɗa da kafaɗa. A wajen gwamnati kuwa, sarki biyu ba su zama a gari ɗaya.

Gwamna Grey, wanda aka sake turowa ƙasar a 1861, ya sa soja suka shiga aikin shimfiɗa hanya daga kudancin Oklan har zuwa kusa da rafin Mangatawhiri, iyakar da Sarkin Maori ya shata. Wannan ita ce Babbar Hanyar Kudu da hasumiyar Nixon ke tsaye a gefenta. An gyara ta ne domin igwa da kayan yaƙi su sami wucewa. Otahuhu kanta ta zama babban barikin soja. Grey ya riƙa aika wa Landan rahoto cewa mutanen Waikato na shirin auka wa Oklan, da haka ya sami ƙarin dakaru har sojan Sarauniya suka haura 10,000 a ƙasar. Masana tarihi na baya-bayan nan sun bincika, sun ga hujjar wannan zargi ba ta da ƙarfi.

Ran 9 ga watan Yuli, 1863, aka yi shela cewa duk Maorin da ke zaune tsakanin Oklan da iyakar Waikato ya yi rantsuwar biyayya ga Sarauniya ya miƙa makamansa, in ba haka ba ya tashi. Mutanen Mangere da Ihumatao da Pukaki, waɗanda suka shekara goma sha suna ciniki da Turawa lami lafiya, suka kwashi abin da za su iya ɗauka suka yi kudu, suka bar gidaje da dabbobi da kwalekwale. Bayan kwana 3, ran 12 ga wata, Janar Duncan Cameron ya ƙetare rafin Mangatawhiri da rundunarsa. Yaƙin Waikato ya fara ke nan.

Yaƙi kuwa ba ya zaɓen wanda zai ci. Mayaƙan Maori sun kai hare-hare a kan gonakin Turawa da ke bayan soja, sun kashe manoma, har da yara, tsoro ya cika Oklan. Amma ƙarfi ba ɗaya ba ne. Cameron na da igwa da jiragen ruwa masu sulken ƙarfe a kan kogin Waikato. Cikin Nuwamba 1863 ya ci tungar Rangiriri bayan ƙazamin faɗa, ran 8 ga Disamba kuma ya shiga Ngaruawahia, birnin Sarki. Maori suka ja da baya suka gina wata ƙaƙƙarfar tunga mai ramuka da ganuwa a Paterangi, domin su tare hanyar zuwa gonakinsu.

RUMBUN WAIKATO

Gonakin da ake tsarewa su ne na Rangiaowhia, ƙauyen ƙabilar Ngati Apakura da 'yan'uwansu Ngati Hinetu. Wuri ne mai albarka ƙwarai. Tun cikin shekarun 1840 suka karɓi noman alkama daga wajen 'yan mishan, suka gina injinan niƙa masu aiki da ƙarfin ruwa, suna noma masara da dankalin Turawa da itatuwan marmari. Suna lodin gari da sauran amfanin gona a kwalekwale zuwa kasuwar Oklan, wani har Ostireliya ake kai shi. A 1849 shugabanninsu biyu sun aika wa Sarauniya Biktoriya kyautar garin alkama na injinsu, ita kuma ta rama musu da hotunan iyalinta. Akwai majami'u biyu a ƙauyen, ta Angilikan da ta Katolika. In dai abin da Turawa ke kira wayewa ake nema, to mutanen Rangiaowhia sun yi duk abin da aka ce su yi.

Bayan faɗan Rangiriri, an zargi Maori da barin mata da yara a cikin tungayen yaƙi. Saboda haka suka kwashe mata da yara da tsofaffi suka kai Rangiaowhia, wadda ba ta da ganuwa ko rami. Sun kuma yi imani cewa an isar da saƙo ga Turawa, ta hannun Bishof Selwyn da ke tafe tare da soja a matsayin limaminsu, cewa wurin mafaka ne, ba za a taɓa shi ba. Ta ɓangaren Janar Cameron kuwa, Rangiaowhia ita ce ke ciyar da mayaƙan Paterangi, wanda ya riƙe rumbu kuwa ya riƙe gida.

Daren Asabar, 20 ga Fabrairu, 1864, Cameron ya kwashi soja wajen 1,200, suka bi ta bayan Paterangi cikin duhu ba tare da masu gadi sun farga ba. Gari na wayewa suka isa Te Awamutu, daga nan suka zarce Rangiaowhia, tafiyar da ba ta kai mil 3 ba. Sojan dokin Nixon ne a gaba. Ranar Lahadi ce.

Da mahaya suka faɗa cikin ƙauyen a sukwane, sai wuri ya yamutse. Wasu suka ruga cikin majami'u, wasu suka faɗa fadama, 'yan mazan da ke da bindiga suka mai da martani. Wasu mutane suka shige wani ɗakin ciyawa suka ƙi fita. Aka tura wani soja ya shiga ya ce su miƙa wuya, aka harbe shi nan take. Nixon ya matso kusa da ƙofar, shi ma harsashi ya same shi a ƙirji. Daga nan soja suka yi wa ɗakin ruwan harsashi, wuta ta kama shi. Ko da gangan aka cinna ta, ko kuwa tartsatsin bindiga ne, shaidun Turawan kansu sun saɓa. Wani dattijo ya fito daga cikin hayaƙi da alamar miƙa wuya, hafsoshi na kiran a ƙyale shi, amma aka bindige shi. Waɗanda suka rage a ciki suka ƙone.

Rahoton soja ya ce Maori 12 aka kashe, aka kama fiye da 30, yawancinsu mata da yara. Ta ɓangaren Turawa mutum 5 suka mutu, in an haɗa da waɗanda rauni ya kashe daga baya. Amma kunne ya girmi kaka. Labarin da Ngati Apakura suka gada daga iyaye da kakanni ya ce mamatansu sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma akwai mata da yara cikin waɗanda wuta ta cinye a ɗakin da suke ibada. Har yanzu masana na gardama a kan adadin. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, an auka wa ƙauyen da ba shi da kariya, ran Lahadi da safe, aka ƙone mutane a cikin ɗaki.

Shi kuwa Nixon aka ɗauke shi zuwa gidansa na Mangere, ya yi jinya wata 3, ya mutu ran 27 ga watan Mayu, 1864.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Wutar da aka cinna a Rangiaowhia ba ta mutu a nan ba. Wiremu Tamihana, wanda shi ne jigon naɗin sarautar Maori, mutum mai riƙo da addinin Kirista, ya rubuta wa Majalisa takardun koke a 1865 yana mai nuna cewa abin da aka yi a ƙauyen cin amana ne. Maori da yawa suka juya wa 'yan mishan baya. Cikin Maris 1865 aka kashe wani ɗan mishan, Carl Volkner, a garin Opotiki. Mutumin da aka rataye a 1872 saboda wannan kisa, Kereopa Te Rau, ana cewa iyalinsa na cikin waɗanda suka halaka a Rangiaowhia. Sai a 2014 Majalisar ƙasar ta yi masa afuwa.

Faɗan ƙarshe na yaƙin Waikato an yi shi a Orakau daga 31 ga Maris zuwa 2 ga Afrilu, 1864, inda Maori wajen 300, maza da mata, suka yi tsayin daka kwana 3 ba ruwan sha, gaban soja fiye da 1,400. Wajen rabinsu suka mutu.

Sa'an nan aka zo kan ainihin maganar, watau ƙasa. Tun cikin Disamba 1863 Majalisar da Nixon ke ciki, wadda ba ta da wakilin Maori ko ɗaya, ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon ƙwace ƙasar duk ƙabilar da aka ce ta yi tawaye. Da wannan doka aka ƙwace eka wajen 1,200,000 a Waikato. Kimanin rubu'i aka mayar daga baya, sau da yawa ba ga masu ita na asali ba. Sauran aka raba wa soja, aka sayar wa Turawa. Ngati Apakura suka watse uwa duniya, wasu suka nufi wajen tafkin Taupo, da yawa suka mutu a gudun hijira. Ƙasar nan da aka ƙwace tana cikin mafi albarkar wuraren kiwon shanun madara a Niyu Zilan a yau.

An ɗauki shekara 131 kafin gwamnati ta amsa laifi sosai. A 1995 aka yi sulhu da ƙabilun Waikato-Tainui a kan kuɗi da filaye da darajarsu ta kai dalar Niyu Zilan miliyan 170, abin da kowane ɓangare ya san bai kai ko kusa da darajar abin da aka ƙwace ba. Cikin Nuwamba na wannan shekara Sarauniya Elizabet ta Biyu ta sa hannu da kanta a kan dokar, wadda ke ɗauke da neman gafara, da amincewa cewa an kai wa Waikato yaƙi bisa zalunci, kuma kuskure ne da aka kira su 'yan tawaye. Sarautar Maori kuwa da aka yi yaƙin don a rushe ta tana nan. A 2024 aka naɗa mai riƙe da ita ta 8, Sarauniya Nga wai hono i te po.

DUTSE DA ƘASUSUWA

Mu dawo kan hasumiyar. Bayan mutuwar Nixon, abokansa da tsofaffin sojansa da sauran Turawan lardin suka yi karo-karo suka gina ta, aka buɗe ta a 1868. Sun zaɓi Otahuhu ne domin nan ne ya tara sojan dokinsa, kuma ta wannan hanya rundunar ta bi zuwa kudu. A idon waɗanda suka gina ta, Nixon maƙwabci ne da ya bar gonarsa ya ba da ransa domin su kwana lafiya.

Da fari gawarsa na maƙabartar titin Symonds a cikin Oklan. Cikin shekarun 1960 aikin sabuwar babbar hanyar mota ya ratsa maƙabartar, aka tone kaburbura fiye da 4,000. A 1968, shekara 100 cif da kafa hasumiyar, aka kawo ƙasusuwan Nixon aka binne a gindinta. Saboda haka wurin ya zama kabari. A kusa da ita kuma akwai mutum-mutumin soja bisa doki, na tunawa da 'yan unguwar da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Unguwar kanta ta canza. Galibin mazauna Otahuhu a yau mutanen tsibiran Fasifik ne, irin su Samowa da Tonga, da mutanen Asiya, da Maori. Jikokin waɗanda aka kora daga Mangere a 1863 na cikin masu bi ta gaban dutsen zuwa aiki da makaranta.

A TUMƁUKE KO A BARI?

Shekara da shekaru makarantun ƙasar ba su cika koyar da labarin waɗannan yaƙe-yaƙe ba. Abin ya fara sauyawa ne a 2014, lokacin cikar shekara 150, sa'ad da Ngati Apakura suka kafa nasu dutsen tunawa a Rangiaowhia. A wannan shekara wasu ɗaliban sakandare na garin Otorohanga suka kai ziyara wurin da kuma Orakau, abin da suka ji ya girgiza su, suka tara sa hannun mutum fiye da 12,000 suka kai Majalisa cikin Disamba 2015. Sakamakon haka aka keɓe ranar 28 ga Oktoba domin tunawa da yaƙe-yaƙen, a 2019 kuma gwamnatin Jacinda Ardern ta ba da sanarwar wajabta koyar da tarihin ƙasar a makarantu, aka fara a 2023.

Cikin wannan yanayi ne, a 2017, wani ɗan Maori mai sharhi kan siyasa, Shane Te Pou, ya fito da takardar koke yana neman a ɗauke hasumiyar Nixon daga bakin hanya. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, kafa wa mutum hasumiya a bainar jama'a girmamawa ce, ba kuwa daidai ba ne a girmama wanda ya jagoranci hari a kan mata da yara. Gidan adana kayan tarihi ya fi dacewa da ita, inda za a yi bayaninta. Masu ja da su suka ce Nixon soja ne da ke bin umarni, Gwamna da Janar ne suka shirya yaƙin, ga shi kuma wurin kabari ne, kuma kawar da dutse ba ya goge abin da ya faru. Magajin Garin Oklan na lokacin, Phil Goff, bai ba da umarnin tumɓuke ta ba, ya karkata ga a tattauna da masu abin a kuma bayyana ɓangaren da aka bari. Ko a 2020, lokacin da aka jefa mutum-mutumin wani mai fataucin bayi cikin ruwa a Bristol ta Ingila, aka kuma ɗauke na Kyaftin John Hamilton daga tsakiyar birnin Hamilton a nan Waikato, hasumiyar Otahuhu ba ta gusa ba.

To, ina gaskiya take? A ganinmu kowane ɓangare na da abin kamawa, amma akwai inda aka fi ƙarfi. Gaskiya ne Nixon ba shi ya shirya yaƙin ba. Sai dai ba ƙaramin soja ba ne da aka turo daga Ingila bai san hawa ba bai san sauka ba. Manomi ne mai neman ƙarin fili, ɗan majalisar da ta yi dokar ƙwace, kuma shi ke gaba ranar da aka shiga ƙauyen. A jikinsa garma da doka da takobi suka haɗu, kuma wannan haɗuwa ita ce dukkan tarihin kama-wuri-zauna a taƙaice. Wanda ya karanta dutsen kamar yadda yake, zai tafi da cewa wasu jarumawa 4 ne suka faɗi a fagen fama. Ba zai san ƙauye ne ba, ba zai san an ƙone mutane ba, ba zai san eka 1,200,000 sun bi bayan wannan safiya ba.

Duk da haka, in an ɗauke dutsen an kai ɗaki an kulle, Babbar Hanyar Kudu za ta zama hanya kawai kamar kowace, mai wucewa ba shi da abin da zai sa ya tambaya. Hasumiyar shaida ce a kan waɗanda suka gina ta: ta nuna wanda suka ƙidaya a cikin mamata da wanda ba su ƙidaya ba. Alƙali nagari ba ya korar shaida domin ya faɗi rabin magana, sai dai ya kira ɗaya ɓangaren ya zo ya faɗi nasa a wuri ɗaya, da murya ɗaya. Abin da ya dace shi ne a kafa wa mutanen Rangiaowhia nasu a wannan mararraba, tsayinsa bai gaza na Nixon ba, cikin harshen Maori da na Ingilishi, kuma Ngati Apakura ne za su faɗi abin da za a rubuta, domin su aka yi wa ɓarna, su suka san sunayen mamatansu.

Daɗin daɗawa, kada gardamar dutse ta sa a manta da ƙasa. Mil kaɗan daga hasumiyar, a Ihumatao, ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka tasa a 1863, dubban mutane sun yi zaman dirshan a 2019 domin hana wani kamfani gina gidaje a kan filin da aka ƙwace, har gwamnati ta saye filin cikin Disamba 2020 a kan dala wajen miliyan 30. Maori a ƙidayar 2023 kusan kashi 18 ne cikin 100 na jama'ar ƙasar, ƙasar da ta rage a hannunsu bisa gado kuwa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Wannan lissafi shi ne ke sa dutsen da aka kafa tun 1868 yake yi wa mutane ciwo har gobe. Allah ya ba mai gaskiya gaskiyarsa.